Me Ya Sa Ruwa Ke Kashe Waya, Zafi Ke Kumbura Batir? Bayanin Haɗin Ayonik da Kobalent

A Dogon Daji da ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, a kudancin jihar Sakkwato, waya ta wuce kayan ƙawa. Da ita ake tura kuɗi, ake jin farashin kasuwa, ake duba sakamakon jarrabawa. Idan ta lalace, sayen wata ba ƙaramin aiki ba ne. Abubuwa biyu kuma suna sahun gaba wajen kai waya teburin mai gyara: ruwa a lokacin damina, da zafi a lokacin bazara, musamman watannin Maris zuwa Mayu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40.

Masu gyara kan ce "ruwa ya ci injin" ko "batir ya kumbura", magana ta tsaya nan. Amma cikakken bayanin yana cikin darasin kimistiri na ajin SS1, wanda ɗalibai da yawa ke haddacewa saboda WAEC da NECO su manta da shi bayan jarrabawa: yadda atam ke haɗuwa da juna. Wanda ya gane wannan darasi zai san abin da zai yi idan wayarsa ta jiƙe, da irin ruwan da ya kamata a zuba wa batirin sola.

Mene ne atam, kuma me ya sa yake neman haɗi?

Duk abin da ake iya taɓawa an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ake kira atam. Ƙanƙantarsu ta kai sai an jera miliyoyinsu kafin su cika tsawon milimita ɗaya. Zuwa yanzu an san nau'in sinadarai na asali 118, kuma an jera su a teburin da masanin Rasha Dmitri Mendeleev ya fara tsarawa a 1869.

A tsakiyar atam akwai furoton masu cajin filas (+), kuma galibi tare da niyutiron marasa caji. A kewaye kuma akwai ilektiron masu cajin mainas (−), zaune hawa-hawa. Hawa na farko yana ɗaukar ilektiron 2 kacal, na biyu 8. A ƙananan atam da wannan bayani ya shafa, hawan waje yana samun natsuwa ne idan ya cika 8, sai haidurojin da litiyam waɗanda 2 ke isar su.

Ga lissafin wasu daga cikinsu:

- Haidurojin: 1
- Litiyam: 2, 1
- Kabon: 2, 4
- Oksijin: 2, 6
- Sodiyam: 2, 8, 1
- Silikon: 2, 8, 4
- Kulorin: 2, 8, 7

Lambar ƙarshe ita ce abin lura. Ilektiron na hawan waje su ne ke shiga harkar haɗi. Atam ba shi da rai balle ya so wani abu. Abin da ke faruwa shi ne, idan atam biyu suka haɗu ta yadda kuzarinsu zai ragu, sun fi zama daram a haɗe fiye da a ware, kamar yadda ruwan sama ke gangarawa fadama ya tsaya a can. Hanyoyin haɗuwar guda biyu ne manya: ko wani ya bayar wani ya karɓa, ko su yi tarayya.

Haɗin ayonik: wani ya bayar, wani ya karɓa

Misali mafi kusa shi ne gishirin miya. Sodiyam ƙarfe ne mai laushi da ake iya yankawa da wuƙa, kuma idan aka jefa shi a ruwa yakan tafasa har ya kama wuta. Kulorin kuwa iska ce mai guba, ruwan ɗorawa mai sirkin kore. Amma haɗinsu shi ne gishirin da ake ci kullum. Ga yadda abin yake tafiya:

1. Sodiyam yana da ilektiron 1 a hawan waje, wanda bai riƙe shi da ƙarfi ba. Kulorin yana da 7, saura 1 ya cika 8.
2. Wannan ilektiron ɗin yana barin sodiyam ya koma wurin kulorin.
3. Yanzu sodiyam yana da furoton 11 da ilektiron 10, don haka cajinsa ya zama filas: Na⁺. Kulorin yana da furoton 17 da ilektiron 18, cajinsa ya zama mainas: Cl⁻.
4. Atam da ya samu caji ta wannan hanya sunansa ayon. Filas da mainas suna jan juna, kuma wannan jan shi ne haɗin.

A nan ɗalibai da yawa ke kuskure. Bayarwar ba ita ce haɗin ba, share fage kawai take yi. Hasali ma cire ilektiron daga sodiyam yana cin kuzari, kimanin kilojul 496 a kowane mol, alhali abin da kulorin ke saki idan ya karɓa kimanin 349 ne. Da a nan lissafin ya tsaya, da asara aka yi. Ribar tana zuwa ne lokacin da ayon ɗin suka jeru suka manne, inda ake sakin kimanin kilojul 787.

Kuma ba bibbiyu suke mannewa ba. Kowane Na⁺ yana kewaye da Cl⁻ guda 6, kowane Cl⁻ yana kewaye da Na⁺ guda 6, haka jerin yake ci gaba ta kowace fuska. Shi ya sa idan aka zuba ɗan gishiri mai laushi a kan baƙin ƙyalle aka kusanto da kyamarar waya, za a ga ƙwayoyi da yawa suna da siffar ƙaramin akwati mai kusurwa. Ƙarfin wannan jeri ne ya sa gishiri ba ya narkewa a wuta sai zafi ya kai digiri 801.

Sunan ayon ya samo asali ne daga aikin Michael Faraday na Ingila a 1834, sannan Walther Kossel na Jamus ya yi bayanin wannan bayarwa da karɓa a 1916.

Haɗin kobalent: tarayya

Idan atam biyu suka haɗu kuma dukansu masu riƙon ilektiron ne da ƙarfi, babu mai saki. Mafita ita ce kowa ya kawo ɗaya, su yi tarayya a kan biyun. Wannan ma'auratan ilektiron suna zama a tsakani, cibiyoyin atam biyun suna jan su a lokaci guda, jan kuma ya riƙe su tare.

Mai waya zai gane bambancin da sauƙi. Haɗin ayonik kamar mutum ya tura wa abokinsa kati ne: ya fita daga layinsa, ya shiga na wancan. Haɗin kobalent kuwa kamar abokai biyu ne suka haɗa kuɗi suka sayi data ɗaya suna sha ta hotsifot: ta su biyu ce, kuma dole su zauna kusa da juna.

Ruwa shi ne misalin farko. Oksijin yana da 6 a waje, yana neman 2. Sai ya yi tarayya da haidurojin guda biyu, kowanne da ilektiron ɗaya, a samu H₂O. Irin wannan ƙaramin rukuni ana kiransa molekul. Sukari, fetur, man gyaɗa, sifirit da robar bayan waya duk molekul ne masu haɗin kobalent. A cikin molekul haɗin yana da ƙarfi, amma tsakanin wannan molekul da wancan jan ba shi da yawa. Shi ya sa sukari ke narkewa ya yi ja a tukunyar mai alewa a zafin da bai kai digiri 200 ba, gishiri kuwa ko gezau.

Akwai kuma inda tarayyar ba ta tsayawa a ƙaramin rukuni. Kabon da silikon suna da 4 a waje, don haka kowane atam yana iya kama maƙwabta huɗu, su ma su kama huɗu, har abin ya zama raga guda. Lu'ulu'un daimon haka yake, kuma shi ya sa yake da tsananin tauri. Silikon ma haka, sai zafi ya kai digiri 1,414 yake narkewa.

Ba'amurke Gilbert Lewis ne ya kawo bayanin tarayyar ilektiron a 1916, Irving Langmuir kuma ya yaɗa sunan a 1919.

Ta yaya ake gane wanda zai faru?

A 1932 Linus Pauling ya fito da ma'aunin ƙarfin da kowane atam ke jan ilektiron da shi. Sodiyam yana da 0.93, litiyam 0.98, silikon 1.90, haidurojin 2.20, kabon 2.55, kulorin 3.16, oksijin 3.44. Abin da ake dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin biyun.

- Tazara babba, kamar sodiyam da kulorin (2.23): mai ƙarfin ya ƙwace, haɗin ayonik ke nan.
- Tazara ƙarama, kamar kabon da haidurojin (0.35): tarayya kusan daidai wa daida.
- Tazara matsakaiciya, kamar oksijin da haidurojin (1.24): tarayya ce, amma ɗaya ya fi jan rabon zuwa gefensa.

Wannan na ukun shi ne sirrin ruwa. Gefen oksijin yana da ɗan cajin mainas, gefen haidurojin yana da ɗan filas. Babu katanga tsakanin ayonik da kobalent, abin hawa-hawa ne. Wani sinadarin ma yana da duka biyun. Farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato don yin siminti ita ce CaCO₃: kabon da oksijin uku suna haɗe da tarayya, rukunin nasu kuma yana manne da kalsiyam ta haɗin ayonik. Kanwa ma irin wannan gini gare ta, sai dai sodiyam ne a madadin kalsiyam.

Abin da ke faruwa idan gishiri ya shiga ruwa

Molekul na ruwa suna kewaye ƙwayar gishiri. Gefensu na mainas ya ja Na⁺, gefen filas ya ja Cl⁻, suna ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Gishirin bai ɓace ba, ayon ɗinsa ne suka watse suna yawo. Idan ruwan ya ƙafe sai su koma su jeru.

Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin haka a aikace. A kwarin Foga da ke yankin Dosso a Nijar, ana tara ƙasa mai gishiri, a tace ta da ruwa, a dafa ruwan har ya ƙone, gishiri ya fito. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ga wannan sana'a a 1853 bayan ya baro Sakkwato da Gwandu, kuma fatake sun daɗe suna kawo gishirin Foga kasuwannin ƙasar Kabi da Sakkwato.

Ga abin da ya shafi waya: lantarki yana tafiya ne idan akwai caji mai iya motsi. A busasshen gishiri ayon suna ɗaure a jeri, don haka wuta ba ta bi. A ruwan gishiri sun samu sakewa, wuta tana bi sosai. Sukari kuwa ko ya narke, molekul ɗinsa ba su da caji, wuta ba ta samun abin hawa. Duk mai son tabbatarwa zai iya roƙon mai gyaran waya ya tsoma bakin mitarsa a kofi biyu na ruwa iri ɗaya, ɗaya an zuba gishiri, ɗaya sukari. Bambancin zai fito a fili. Da mita kawai ake wannan gwaji. Kada a kuskura a gwada da wutar soket, ta janareta ko ta inbata, domin tana kisa.

Dalilin da ruwa ke kashe waya

Tataccen ruwa zalla ba ya ɗaukar wuta sai ɗan kaɗan. Amma ruwan rijiya, na fadama, na kwata, miya da zufa duk suna ɗauke da ayon. Idan suka shiga cikin injin waya suna yin ɓarna iri biyu. Na farko, suna haɗa layukan da bai kamata su haɗu ba, wuta ta bi ta inda ba a tsara mata ba. Na biyu ya fi muni domin a ɓoye yake: muddin batir yana haɗe, wutarsa tana tura ayon tsakanin layuka, jan ƙarfen da ke jikin injin yana zagwanyewa. Koren dattin da mai gyara ke nunawa shi ne shaidar. Shi ya sa wata wayar takan yi aiki kwana uku bayan ta jiƙe, sannan ta mutu.

Abin da ya kamata a yi:

1. A kashe wayar nan take. Kada a yi ta kunna ta don a ga ko tana aiki.
2. Kada a sa ta a caji. Cajin yana ƙara wa ɓarnar sauri.
3. A cire riga, sim da memori. Idan batirin na cirewa ne, a cire shi.
4. A kai wa mai gyara da wuri, ya cire batir ya wanke injin da burushi da sifirit na gyaran waya, wanda ba ya ɗaukar wuta kuma yake bushewa da sauri.

Binne waya a shinkafa ba ya cire gishiri. Ko ruwan ya bushe, ayon ɗin suna nan a kan injin suna jiran raɓa. Kamfanin Apple ma ya gargaɗi masu iPhone da kada su sa ta a shinkafa. Sannan wayoyin da aka rubuta musu IP67 ko IP68, da ruwa mai daɗi aka gwada su, ba da ruwan gishiri ko zufa ba. Mai aikin gona ko ɗan acaba da ke ajiye waya a aljihun da zufa ke jiƙawa, ya riƙa goge ta kafin ya sa caja.

Batir: ayon ne ke kai da komo

Sunan batirin litiyam-ayon da ke cikin Tecno, Infinix, itel, Redmi da Samsung ya faɗi aikinsa. Litiyam yana da ilektiron 1 a waje, yana sakinsa da sauƙi ya zama Li⁺. A gefe ɗaya na batirin akwai girafayit, wato irin baƙin da ke cikin fensir, wanda shimfiɗu ne na kabon masu haɗin kobalent. A ɗaya gefen akwai sinadarin litiyam da kobalt da oksijin. Lokacin caji, Li⁺ suna ƙaura su shige tsakanin shimfiɗun girafayit. Lokacin amfani suna komawa, ilektiron ɗinsu kuma suna zagayawa ta cikin injin waya su yi aiki.

Kamfanin Sony ne ya fara sayar da irin wannan batir a 1991, kuma John Goodenough, Stanley Whittingham da Akira Yoshino sun samu kyautar Nobel a kansa a 2019. Mafi yawan kobalt na duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, a Najeriya kuma an buɗe masana'antar sarrafa litiyam a jihar Nasarawa a 2024.

Hanyar da ayon ke bi a cikin batir wani ruwa ne na molekul masu haɗin kobalent da aka narka gishirin litiyam a ciki. Wannan ruwa yana kama wuta. Zafi mai yawa yana tsinka haɗin molekul ɗinsa, su koma iska, iskar kuma ta rasa mafita. Kumburin batir ke nan. Apple ya ce zafin da ya wuce digiri 35 yana iya rage ƙarfin batir har abada, kuma inuwar bazara a Tambuwal ta kan wuce haka. Saboda haka:

- Kada a bar waya a rana, a kan tankin mashin ko gaban mota.
- Kada a yi caji a ƙarƙashin matashi ko katifa.
- Masu shagon caji su guji cunkusa wayoyi a akwati ɗaya ƙarƙashin rufin kwano. A ba su fili iska ta ratsa.
- Batirin da ya kumbura ba a huda shi, ba a danne shi, ba a jefa shi a wuta. A sauya shi.

Batirin sola mai ruwa

Manyan batiran sola da ake buɗe murfinsu suna aiki ne da dalma da ruwan asid. Abin da ke raguwa a cikinsu ruwa ne, don haka tataccen ruwan batir kawai ake ƙarawa. Ruwan rijiya ko na leda yana ɗauke da ayon irin su kalsiyam da kulorayid, na rijiya wani lokaci har da ƙarfe, waɗanda ke taruwa su lalata farantan ciki. Kuɗin gorar ruwan batir bai kai ko kusa da kuɗin sabon batir ba.

Silikon da gilashin fuska

Ƙwaƙwalwar waya da farantin sola duk daga silikon ake yin su, shi kuma daga duwatsu da yashi masu sinadarin silikon da oksijin ake tace shi. A tataccen silikon kusan duk ilektiron suna ɗaure a tarayya, don haka wuta ba ta bi sosai. Sai a sa masa ɗan fosfaras mai ilektiron 5 a waje: huɗu su shiga tarayya, ɗaya ya rage yana yawo. Ko a sa boron mai 3, a bar gurbi. Inda ɓangarorin biyu suka haɗu ake samun abin da ke buɗe wa wuta hanya ko ya rufe. A kan haka aka gina taransista, wadda aka ƙirƙiro a 1947, kuma yau akwai biliyoyinta a cikin waya ɗaya. A farantin sola, hasken rana ne ke fizgo ilektiron daga tarayya, mahaɗar ta tura shi gefe guda, a samu wuta.

Gilashin Gorilla Glass na kamfanin Corning kuwa da dabarar ayon ake ƙarfafa shi. Ana tsoma shi a narkakken gishirin fotasiyam mai zafin kusan digiri 400. Ƙananan Na⁺ su fita daga fatar gilashin, manyan K⁺ su cusa kansu a gurbinsu, fatar ta matse ta yi wuyar tsagewa. Duk da haka yashi ya fi gilashin tauri, shi ya sa ƙurar hunturu ke karce fuskar waya idan aka goge ta da ƙarfi. A fara hure ƙurar, sannan a goge da ƙyalle mai laushi.

A taƙaice

Haɗin ayonik: ƙarfe ya ba da ilektiron, wanda ba ƙarfe ba ya karɓa, filas da mainas su ja juna. Irin waɗannan sinadarai ba sa ɗaukar wuta a bushe, amma suna ɗauka idan sun narke. Haɗin kobalent: atam biyu su yi tarayya a kan ilektiron, su zama molekul kamar ruwa da sukari, ko raga kamar silikon da daimon.

Sodiyam yana ƙasan litiyam kai tsaye a teburin sinadarai, kuma shi ma ilektiron 1 gare shi a waje. Wannan ne ya sa kamfanoni ke ƙera batirin sodiyam-ayon, kamar wanda CATL na ƙasar Sin ya gabatar a 2021. Ya fi na litiyam nauyi, amma sodiyam ya fi yawa kuma ya fi araha, don haka batiran sola na daga cikin wuraren da ake sa ran zai yi amfani. Ɗalibin da ke shirin jarrabawa a Dogon Daji zai iya fara bitar wannan darasi da gishirin ɗakin girki, kofi biyu na ruwa da kyamarar wayarsa.